Sibateriyam: Ɗan'uwan Raƙumin Dawa Da Aka Shekara 180 Ana Cewa Ya Kai Giwa

Duk wanda aka ce ya zana raƙumin dawa, wuyan zai fara ja, dogo siriri, sannan ya ɗora ɗan ƙaramin kai can a sama. To amma ba duka dangin raƙumin dawa ne ke da dogon wuya ba. A yau gida biyu kacal suka rage a cikin dangin: raƙumin dawa, da wata dabba mai suna okapi da ke dazuzzukan Kwango, mai gajeren wuya da zane-zane a ƙafafu kamar na jakin dawa. A da can kuwa gidajen suna da yawa, an tono ƙasusuwansu tun daga Sifen har zuwa ƙasar Sin.

Ɗaya daga cikin gidajen da suka ƙare nake so mu yi nazari a kai. Masana na rubuta sunansa Sivatherium, mu dai mu kira shi Sibateriyam don sauƙin baki. Na zaɓe shi ne saboda an faɗi manyan maganganu uku a kansa, an rubuta su a littattafai, wannan ya kwafa daga wancan, sai da aka samu wanda ya koma ya duba ya auna sannan suka rushe. Mu da furojek ke jiranmu a ƙarshen karatu, ai akwai abin ɗauka a nan.

Inda aka tono shi

A gindin duwatsun Himalaya, a arewacin Indiya, akwai jerin tuddai da ake kira Siwalik. Asalinsu yashi ne da laka da tsakuwa da koguna suka yi ta kwasowa daga Himalaya suna jibgewa na tsawon miliyoyin shekaru. Dabbar da ta mutu a bakin kogi, laka ta rufe ta da wuri, ƙasusuwanta kan tsira daga kuraye da rana. A hankali ma'adinan da ke cikin ruwan ƙasa su shiga ramukan ƙashin su cike su, har ya koma da nauyi kamar dutse.

A shekarun 1830, lokacin da Turawan Ingila ke mulkin wannan yanki, mutum biyu suka duƙufa tara irin waɗannan ƙasusuwa. Ɗaya likita ne kuma masanin tsirrai, Hugh Falconer, mai kula da lambun gwaji na garin Saharanpur. Ɗayan kuwa injiniya ne, Proby Cautley, wanda aikinsa gina hanyoyin ruwa ne na noman rani, kuma shi ne daga baya ya jagoranci haƙa babbar magudanar ruwan kogin Ganges da aka buɗe a 1854. 'Yan sashen injiniya ku lura, naku ne. Sun ɗauki Indiyawa ma'aikata suna bin kwazazzabai suna tono musu, aka yi ta aika akwatunan ƙasusuwa zuwa Landan, inda suke har yau.

A 1836 suka wallafa bayanin wani katafaren ƙoƙon kai da aka samu a kwarin kogin Markanda. Suka raɗa masa suna Sivatherium giganteum. Kashin farko na sunan daga Shiba ne, abin bautar Hindu da ake danganta tuddan da shi, na biyun kuwa kalmar Girkanci ce mai nufin dabbar daji. Kalmar ƙarshe tana nufin ƙato.

Daga baya an samu 'yan gidansu a Afirka ma. An samu a Aljeriya, da Habasha, da gefen tafkin Turkana a Kenya, da kwarin Olduvai a Tanzaniya. A Langebaanweg ta Afirka ta Kudu, masu haƙar ma'adinin fosfet ne suka buɗo wani wuri cike da ƙasusuwansa masu kimanin shekaru miliyan 5, yanzu ma an mai da wurin gidan tarihi. Kusa da mu kuma, a hamadar Jurab ta arewacin Cadi, an tono ƙasusuwan da masana suka danganta da shi.

Yadda kamanninsa suke

Ku ƙaddara wata dabba mai faɗin ƙirji kamar ɓauna, amma tsayin kafaɗarta ya kai kusan mita 2, wato ya kai saman ƙofar ɗakin hostel. Ƙafafu kakkaura masu rababben kofato. Wuya gajere mai kauri. Kai babba mai faɗi, a kan namijin kuma ƙahoni huɗu: biyu ƙanana masu tsini a saman idanu, biyu manya a baya, masu faɗi da rassa kamar an buɗe tafin hannu.

Tambayar da ta dace a nan ita ce, ta yaya aka san ɗan'uwan raƙumin dawa ne, alhali ya fi kama da sa?

Amsa ta farko tana cikin baki. Saniya da akuya da tunkiya da raƙumin dawa duk dabbobi ne masu tuƙa. Ba su da haƙoran gaba a sama, dasashi ne kawai mai tauri. A ƙasa suna da guda takwas a jere, kuma na ƙarshe a kowane gefe fiƙa ce da ta baje ta yi kama da sauran. A bakin akuya wannan fiƙar baki ɗaya gare ta. A bakin raƙumin dawa da okapi kuwa ta rabu kunne biyu, da ita suke tsefe ganye daga reshe. Wannan rababbiyar fiƙa ita ce shaidar dangin, kuma gidan su Sibateriyam suna da ita.

Amsa ta biyu tana kan ƙahon. Ƙahon sa ƙashi ne a ciki, da kube a waje irin sinadarin farce. Na raƙumin dawa daban yake. Ana haihuwar ɗan da shi yana guringuntsi, a kwance don kada ya wahalar da uwa, sannan ya miƙe, ya zama ƙashi, ya manne da ƙoƙon kai, fata da gashi na rufe da shi har mutuwa. Masana na kiran irin wannan ƙaho osikon, kuma a wannan sahu suke sa ƙahonin Sibateriyam.

Wuya kuwa ba ya raba dangi. Raƙumin dawa ƙashin wuya bakwai gare shi, okapi bakwai, ni da kai ma bakwai. Bambancin a tsawon kowane ƙashi yake. An ma samu wani ɗan dangin mai suna Samotherium a tsibirin Samos na ƙasar Girka, mai kimanin shekaru miliyan 7, wanda tsawon ƙasusuwan wuyansa ya faɗo tsakanin na okapi da na raƙumin dawa. Kun ga kenan wani reshe na dangin ya bi hanyar tsawo, reshen su Sibateriyam ya bi hanyar kauri.

Magana ta farko: wai yana da hannu irin na giwa

Da Falconer da Cautley suka duba ƙoƙon kan, sun ga ramin hanci mai faɗi da ƙashin hanci a tanƙware. Sai suka ce lallai dabbar tana da hannu irin na giwa, wato dogon hancin nan, kuma ita ce mahaɗa tsakanin masu tuƙa da manyan dabbobi masu kaurin fata irin su giwa da karkanda. Masu zane suka ɗauka, aka yi ta zana shi da guntun hanci yana reto.

Kada mu yi musu dariya. Ƙoƙon kai ɗaya ne a gabansu, kuma a lokacin Turawa ba su ma san akwai okapi ba, sai a 1901 aka yi bayaninsa a kimiyyance. Da ƙasusuwa suka ƙaru, aka samu abin kwatantawa, sai aka mayar da Sibateriyam cikin dangin raƙumin dawa. Zanen da ake yi masa a yau da faffaɗan baki ne da leɓɓa masu kauri.

Magana ta biyu: wai ya kai giwa

Wannan ita ce ta fi daɗewa. Tun ƙarni na 19 ake rubuta cewa girmansa ya yi kusa da na giwa. Marubuci ya karanta a wurin na gabansa, ya sa a nasa littafin, na bayansa ya ɗauka. Har aka kai 2016 babu wanda ya haɗa ƙwarangwal ɗin yadda ya kamata ya lissafa nauyinsa.

A shekarar ne masu bincike uku a Ingila, Christopher Basu da Peter Falkingham da John Hutchinson, suka wallafa sakamakon aikinsu a mujallar Biology Letters. Ga matakan da suka bi, kuma za ku ga babu wanda ya fi ƙarfin ɗan kwalejin fasaha.

Na ɗaya, sun koma kan ƙasusuwan da ke gidan adana tarihin halittu na Landan, suka ɗauki kowanne hoto ta kusurwoyi da yawa, kwamfuta ta haɗa hotunan ta fitar da siffar ƙashin mai tsawo da faɗi da kauri. 'Yan sashen safiyo sun san wannan dabara, fotogirametiri, da ita ake fitar da taswira daga hotunan jirgi.

Na biyu, da yake ƙasusuwan ba na dabba ɗaya ba ne, sun daidaita girmansu, suka jera su a kwamfuta har ƙwarangwal ya tsaya.

Na uku, suka sa kwamfuta ta naɗe kowane sashe, kai da wuya da gangar jiki da ƙafafu, kamar yadda za ka ɗaure kaya da leda tamau, sannan ta lissafa yawan sararin da ke cikin naɗin, abin da muke kira bolum a aji.

Na huɗu, suka juya bolum zuwa nauyi. Ka'idar ita ce wadda muka sani tun sakandare: nauyi daidai yake da bolum sau dansiti. Jikin dabba kusan dansitin ruwa gare shi, kuma tankin ruwa mai lita 1,000 kilo 1,000 yake ɗauka. Da yake nama da kitse sukan wuce layin ƙashi, ana gyara lissafin da abin da aka gani a dabbobin yau waɗanda aka san nauyinsu.

Sakamakon da suka samu shi ne kilo 1,246. Wato kimanin buhun siminti 25. Toron giwar Afirka kuwa yakan kai kilo 6,000, buhu 120 kenan. Ashe ko rubu'in toron giwa bai kai ba. Duk da haka ƙato ne na gaske, domin ya yi kafaɗa da kafaɗa da babban namijin raƙumin dawa, kuma lissafin bai haɗa da nauyin manyan ƙahonin namiji ba. Shi ya sa suka ce mai yiwuwa shi ne mai tuƙa mafi girma da ya taɓa rayuwa.

Abu biyu suka burge ni a aikin. Na farko, ba su ba da lamba ɗaya suka tashi ba. Sun ce nauyin yana tsakanin kilo 857 da 1,812, kuma 1,246 ne mafi kusa. Tazarar tana da faɗi, amma ko an ɗauki na can sama, giwa ta yi masa nisa. Wanda ya rubuta iyakar kuskuren awonsa ya fi wanda ya kawo lamba mai ɗigo huɗu babu bayani.

Na biyu, sun gwada wata hanyar daban. Akwai tsohuwar dabara ta auna kewayen ƙashin damtse a ƙiyasta nauyi da shi, tunda dabba mai nauyi ƙashinta kan yi kauri. Wannan hanya ta ba su adadi mai yawa sosai fiye da na farko. Ba su ɓoye saɓanin ba, suka rubuta shi, suka kuma nemi dalili: ƙashin ƙafar gaban Sibateriyam ya fi kauri fiye da yadda ake zato ga dabba mai girmansa, kuma suna ganin hakan na da alaƙa da nauyin kai da ƙahoni da ya rinjaya gaba. Ku tuna motar da aka jibga wa kaya a gaba, tayoyin gaba ne ke shan wahala. A ganina wannan kaurin ƙashin na cikin abin da ya sa mutanen farko suka hango giwa.

Magana ta uku: wai mutanen Sumer sun gan shi

A ƙarshen shekarun 1920, masu tonon kayan tarihi a tsohon birnin Kish, a Iraƙi ta yau, sun samo wani zoben tagulla da ake zura ragama a ciki a keken dawakin mutanen da. Ya haura shekaru 4,500. A samansa akwai ɗan mutum-mutumin wata dabba mai gajerun ƙahoni masu faɗi. A 1936 wani masanin ƙasusuwan da ɗan Amurka, Edwin Colbert, ya rubuta cewa siffar ta yi kama da Sibateriyam, don haka mai yiwuwa dabbar ta rayu har zamanin da aka fara rubutu. Magana mai daɗin ji, ta kuwa yaɗu.

A shekarun 1970 wani Bajamushe mai nazarin kayan tarihi, Michael Müller-Karpe, yana duba kayan Kish a ma'ajiyar gidan tarihi na Field da ke Chicago, sai ya ci karo da wasu gutsattsarin tagulla. Da aka gwada su a kan mutum-mutumin sai suka zauna daram. Ashe ƙahonin karyewa suka yi. Da aka mayar da su, sai ga dabbar ta fito sak barewar nan ta ƙasashen sanyi mai dogayen ƙahoni masu rassa. Kama da wane dai ba ta wane. Amma har gobe za ka ga ana yawo da tsohuwar maganar a intanet, ba a ambaton gutsattsarin.

Abin da duwatsu suka nuna shi ne, Sibateriyam ya bayyana kimanin shekaru miliyan 7 da suka wuce, ya kuma ƙare tun dubban ɗaruruwan shekaru kafin a gina Kish. A nan ma bari in gyara wani abu da nake yawan ji a bakin ɗalibai, cewa da kabon-14 ake gane shekarun kowane tsohon ƙashi. Kabon-14 rabinsa na lalacewa duk bayan shekaru 5,730, saboda haka bayan shekaru kamar 50,000 babu sauran abin aunawa. Don ƙasusuwa irin na Olduvai, tokar dutse mai aman wuta da ke sama da ƙasan ƙashin ake aunawa, ta hanyar sinadarin fotashiyam-40 da ke rikiɗa zuwa iskar agon, wanda rabinsa ke ɗaukar shekaru biliyan 1.25.

Me yake ci?

Wannan ma awo ne ya ba da amsa, kuma 'yan kimiyyar ɗakin gwaji za su ji daɗinsa. Tsirrai ba hanya ɗaya suke kama iskar kabon ba. Itatuwa da wake da shinkafa suna sahun da ake kira C3. Ciyayin ƙasashen zafi, da gero da dawa da masara da rake, suna sahun C4, kuma sun fi tara kabon-13. Dabba ta ci, alamar ta shiga farin rufin haƙorinta ta zauna ko bayan shekaru miliyan nawa. A kankaro garin haƙorin kaɗan, a sa a na'ura, a karanta.

Da aka yi wa haƙoran Sibateriyam na gabashin Afirka wannan gwaji, an ga na farko-farko ganyen itatuwa suka fi ci, na baya-baya kuwa sun koma kiwon ciyawa. Hakan ya zo daidai da lokacin da Afirka ke ƙara bushewa, kurmi na ja baya, filayen ciyawa na faɗaɗa. Raƙumin dawa ya ci gaba da cin ganyensa a sama inda ba mai kai masa. Sibateriyam ya sauko ƙasa inda dangin ɓauna da gwanki da jakin dawa ke cike da fili. Masana na kawo sauyin yanayi da wannan gogayya cikin dalilan ƙarewarsa. Wasu na ƙarawa da farauta, domin a Olduvai an samu ƙasusuwansa a wuri ɗaya da kayan aiki na dutse.

Waɗanda suka rage

Sibateriyam ya tafi, sai dai a auna ƙashi. Amma ɗan'uwansa na nan a maƙwabta, kuma shi ma ya leƙa ramin. Raƙumin dawan Afirka ta Yamma a da yana yawo tun daga Sanagal har tafkin Cadi. Samfurin da aka yi bayaninsa da shi a kimiyyance a 1898 ma daga wajen Lakwaja aka samo shi. Farauta da fari da sare itatuwa suka cinye shi, har ya zamana a 1996 guda 49 kacal aka ƙirga, duka a yankin Kure, kimanin kilomita 60 daga Yamai. Da gwamnatin Nijar da mutanen ƙauyukan da ƙungiyoyin kare namun daji suka tashi tsaye, adadin ya haura 600. A 2018 aka kwashi takwas aka kai gandun dajin Gadabeji a jihar Maraɗi, don kada duka su kasance a wuri ɗaya wata annoba ta share su.

Ku lura, abin da ya tayar da mutane a nan ma ƙirga ce. Da an tsaya a kan "ai suna nan da yawa a daji", da yanzu sai a hoto.

Kafin ka sa a babi na biyu

Ga abin da nake ba kaina da ku shawara a kai. Duk lambar da za ka sa a furojek, ko yawan buhun da hekta ke bayarwa ne, ko ƙarfin bulo, ko yawan masu amfani da wata manhaja, ka tambaya: wa ya auna? Da me ya auna? Kuskuren awon ya kai nawa? In ka bi sawun maganar daga handawut zuwa littafi, daga littafi zuwa wani littafin, ba ka tarar da wanda ya riƙe ma'auni ba, to ka faɗa wa sufabaizanka, wataƙila ma ka samu taken aikinka kenan. Ƙasusuwan Sibateriyam sun fi shekaru 150 a ajiye a Landan kafin wani ya ɗauki kyamara ya je.

Ga kuma ɗan aikin gida, tunda gani ya kori ji. Duk ranar da aka yanka akuya ko rago a gida, ko ka bi ta wurin mai sayar da kai da ƙafa, ka buɗe bakin ka duba. Ka tabbatar babu haƙoran gaba a sama, ka ƙirga na ƙasa, ka kalli na ƙarshe a kowane gefe. Sannan ka nemi hoton muƙamuƙin raƙumin dawa a wayarka ka kwatanta. Wanda ya gano bambancin ya rubuto wa wannan mujalla abin da ya gani.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba. Allah ya ba mu sa'ar jarabawa.